Haladu Mai Rijiya da Ramin Makarantar 'Yan Mata

Haladu bai taɓa ɗora bulo a kan bulo ba. Shi aikinsa ƙasa yake dosa. A Basunda aka haife shi, can kusa da iyakar Habasha, a gidan mahaƙa rijiya. Kakansa ya baro ƙasar Haɗeja da ƙafa da niyyar Makka, guzuri ya yanke masa a hanya, ya tsaya yana haƙa wa makiyaya rijiya har ya yi aure, ya hayayyafa, tafiyar ta ƙare a nan. Haladu ya tashi da igiya a ƙugu. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ba ya son yawan magana, in ma ya yi ta sai ka matso kusa za ka ji.

Tun yana saurayi ya yi suna. Daga Basunda har ƙauyukan Simsim, in rijiya ta ƙafe ko ta rufta, shi ake aika wa. Sai zamani ya juya. Sojojin da suka kira kansu Inƙaz suka karɓi mulki a Khartum, ba a daɗe ba iyaka ta ɗauki zafi, 'yan bindiga suna tare hanya, manoma suna barin gonaki. Inda aka zauna lafiya kuma motocin haƙa rijiya suka shigo, suna yi a kwanaki abin da yake yi a watanni. Ya kwashe matarsa Zaituna da 'ya'yansu ya koma cikin Gadarif, ya kafa gutiya biyu a bayan gari, irin ɗakin nan na ciyawa mai tsinin kai.

Garin bai karɓe shi da alheri ba. Babban ɗansa Husain ya fita kasuwa wata safiya, aka yi kamen samari, aka cusa shi a lori tare da wasu, aka ce bautar ƙasa ce. Saƙonsa na ƙarshe daga Kudu ya zo, a bakin wani soja da ya dawo hutu. Daga nan shiru. Shi kuwa Haladu, mutumin da ya saba fito wa jama'a da ruwan sha, ya koma haƙa masai a gidajen mutane.

A wannan aikin ya haɗu da Lado, wani dogo baƙi daga wajen Juba, can Kudu, wanda yaƙi ya koro tun yana matashi. Da damina yana ƙwadago a gonakin riɗi na Simsim, da rani ya shigo gari neman abin yi. Zama da Hausawa ya sa yana jin Hausa, yana karya ta yadda ya ga dama. Da farko Zaituna ba ta yarda ya shiga gidanta ba. Ta ce ƙasarsu ce ta cinye mata ɗa. Haladu bai yi mata gardama ba, ya dai ci gaba da raba kwanonsa da Lado a ƙofar gida, har wata rana ita da kanta ta ƙaro musu miya. Shekaru suka yi suna aiki tare, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama riƙe da igiya, suna canji.

Duk wanda ya zauna a Gadarif ya san halin ƙasarta. Baƙa ce mai danƙo. Da rani ta bushe ta tsattsage, har ƙafar jaki ta shige cikin tsagar. Da ruwa ya sauka ta sha ta kumbura, ta ɗaga duk abin da ke kanta. Gutiya ba ta damu ba, ta karkata ta miƙe. Ginin bulo kuwa shekara biyu uku sai ka ga bango ya dare daga tushe har taga. Haka ta faru da makarantar 'yan mata ta unguwar su Haladu. An yi ta liƙe tsaga da siminti, har wani hutu bangon aji guda ya faɗi da rana tsaka. Allah Ya sa ba kowa a ciki.

A shekarun da kuɗin fetur ya fara shigowa ƙasar, aka ce za a sake gina ta. Wadda aka ba aikin wata injiniya ce, Rufaida, 'yar wani tela na kasuwar Gadarif, ta yi karatu a Khartum ta dawo. Ita ta zo har gida ta sami Haladu yana gyaran ƙotar digarsa. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba Haladu, an ce duk garin nan ba wanda ya kai ka shiga ƙasa."

"Da ke nan, 'yata. Yanzu masai nake haƙa."

"Ni ba masai nake so ba. Ƙafafu nake so ka haƙa wa makaranta."

Ta tsinci kara ta zana masa a ƙasa. Ta ce baƙar ƙasar nan da ke motsi tana da iyaka. In aka zurfafa, za a iske wata mai tauri wadda ruwan damina ba ya kaiwa gare ta. Za a haƙa ramuka masu zurfi har can, a zura ƙarfe, a zuba kankare, su zama ginshiƙai. A kansu za a ɗora ginin, a bar tazara kamar ta tafin hannu tsakanin cikinsa da ƙasa, don in ta kumbura ta sami wurin kumbura ba tare da ta taɓa shi ba. Bango kuma ba jan bulo ba, wanda ake kashe itatuwa wajen ƙona shi. Ƙasa za a ɗebo daga tudu a matse da ɗan siminti, rufi ya yi faɗi ya kare ta daga ruwa. Injin da ke irin wannan haƙa yana Khartum, ba mai kawo shi don makarantar bayan gari.

Haladu ya daɗe yana kallon zanen. Bai ga yadda gini zai tsaya cikinsa a sama kamar rumbu ba. Amma da ya tuna rumbu, sai ya ga ai shi ma a kan duwatsu yake zama, kuma bai taɓa ganin ƙasa ta fasa shi ba. Ya ce zai yi, in da Lado.

Sun fara da zafin rani. Aikin ya yi masa daɗi fiye da yadda ya zata. Da ya wuce baƙar ƙasa ya ji diga ta canza kuka, ya ɗebo jar tsakuwa ya aiko da ita sama a guga, Rufaida ta murza a hannu ta ce, "Ita ce, Baba." Ya ji kamar ranar da ya fara cim ma ruwa a Basunda. Sai dai komai ya zo a makare. Ƙarfe ya makara, siminti ya makara, aka yi makonni ana zaune. Kafin a kai ga ramukan ƙarshe, gajimare ya fara taruwa ta gabas.

Shugaban kwamitin unguwa, Abdelrahman, shi ne hankalinsa ya fi tashi. An riga an gaya masa manya za su zo ranar bikin zagayowar juyin mulki, a ƙarshen watan Yuni, su ga ginshiƙai a tsaye. Kullum yana wurin da farar jallabiya, yana duba sama yana duba ramuka.

Ruwan farko ya sauka wata Talata da la'asar, ba mai yawa ba. Rufaida ta zo ta zagaya, ta ce daga yau kada kowa ya sake shiga rami sai an kawo abin tokare bango. Washegari aka kira ta Hawata duba wata gada da ake tsoron kogin Rahad zai cinye. Ta tafi da niyyar kwana ɗaya.

Da safiyar nan, bayan tafiyarta, Haladu ya iske Abdelrahman a bakin rami na ƙarshe, wanda saura kaɗan ya kai jar ƙasa. An kawo lori cike da tsakuwa an ajiye shi dab da bakin ramin, don a rage wa leburori jigila.

"Ya usta, gwanin haƙa, saura kamu ɗaya fa. Ku gama shi yau, gobe a zuba kankare."

"Injiniya ta hana, Alhaji."

"Yayyafi aka yi jiya. Dubi ƙasa, har ta bushe."

Haladu ya tsuguna ya zura hannu cikin wata tsaga da ke gefen ramin. Sama ta bushe, amma yatsunsa sun dawo da danshi. Ya girgiza kai. Sai Lado ya ja shi gefe. Ya ce motar masu ƙwadago za ta tashi zuwa Simsim jibi, in ta tafi ba shi ya rasa daminar bana, shi kuma ba ya son ya bar abokinsa da rami a buɗe.

"Haladu, ni shiga, ni fita. Kafin shayi ya huce."

"Ban yarda ba."

"Kai tsufa ya kama ka. Riƙe igiya."

Ya riƙe. Har ƙarshen rayuwarsa in zancen ya taso, a nan yake yin shiru.

Guga ta hau ta sauka sau da yawa lafiya. Rana ta ɗaga. Haladu yana jan wata gugar ya ji ƙasa ta motsa a ƙarƙashin tafin ƙafarsa, motsi kaɗan, kamar dabba ta juya a barci. Ya buɗe baki zai kira, gefen ramin da ke wajen lorin ya zame ciki da wani irin gurnani. Igiya ta fizge ta ƙona masa hannu. Ƙura ta taso.

Leburori suka yo kan ramin a guje, mutanen unguwa na biye. A nan Haladu ya yi ihun da ba wanda ya taɓa ji daga bakinsa.

"Baya! Kowa baya! Wanda ya matso shi zai kashe shi!"

Suka tsaya cak. Ya kwanta rub da ciki ya leƙa. Da ƙura ta lafa ya hango kan Lado da kafaɗa ɗaya, sauran jikin duk a binne. Idanunsa a buɗe suke.

"Lado! Kana ji na?"

"Ina ji." Muryar ta fito da ƙyar. "Ƙirji... ya matse."

"Kada ka yi motsi. Ja numfashi kaɗan kaɗan. Ina zuwa."

Direban lorin ya haye zai tayar da mota ya janye ta. Haladu ya daka masa tsawa, don girgizar inji kaɗai ta isa ta ƙarasa bangon. Amma barin lorin a wurin ma mutuwa ce, ga sabuwar tsaga ta buɗe a ƙarƙashin tayar baya, tana ƙara faɗi a kan idon kowa. Ya rasa ta inda zai fara. Ya san haƙa, bai san yadda ake riƙe ƙasar da ta riga ta tashi tafiya ba.

Ana cikin haka wata rakasha, keken nan mai ƙafa uku, ta tsaya, Rufaida ta diro. Hanyar Hawata ta yi laka, motarsu ta juyo tun daga rabi. Ta dubi lorin, ta dubi tsagar, fuskarta ta yi fari, amma muryarta ba ta yi rawa ba. Ta ce a kwashe tsakuwar da hannu ta ɗaya gefen, sannan a tura motar ba tare da an kunna ta ba. Ta sa aka ciro ƙofofin tsohuwar makaranta aka shimfiɗa a bakin ramin, aka gitta dogayen katako a kai, don nauyin masu aiki ya bazu. Ta aika a kira Wada maƙeri ya yanke gindin ganga. Abdelrahman ya tuɓe jallabiyarsa ya ɗauki kwano ya shiga layin masu kwasar tsakuwa.

"Baba," in ji Rufaida, "ban isa in ce ka shiga ba. Bangon nan ban amince da shi ba ko an tokare."

"Ba ke kika ce ba, 'yata. Ɗaura mini igiya."

Ya sauka a hankali, ba ya bari ƙafarsa ta taɓa bango. Aka sauko masa da gangar da ba ta da kai ba ta da gindi, ya kifa ta a kan Lado, don in ƙasa ta sake zubowa kada ta rufe masa fuska. Aka sauko da benci biyu na 'yan makaranta, ya jingina su da bangon, ya tokare da guntayen katako yadda take faɗa masa daga sama. Wurin da ya rage masa bai fi na tsuguno ba. Diga ba ta da amfani a nan. Da ƙaramin kwano da yatsu ya fara.

Lakar ta riƙe Lado kamar hannu. Duk kwanon da ya cire, sai rabinsa ya gangaro ya dawo. Ya fitar da ƙirji, Lado ya ja wani dogon numfashi har da kuka a ciki. Ya fitar da ciki. Hasken da ke saukowa daga sama ya fara dushewa, ya ɗaga kai ya ga gajimare ya rufe bakin ramin. Ɗigon farko ya faɗo masa a ƙeya.

Ya ji hayaniya a sama, sai duhu ya ƙaru. Mata ne suka ɗauko tamfol ɗin da ake rufe siminti suka ɗaga shi a kan ramin, kowace ta riƙe gefe, iska na neman ƙwace shi. Ya gane muryar Zaituna tana ba da umarni a ja rariya da fartanya a kai ruwan can nesa. Duk da haka ruwa ya sami hanya. Ta cikin tsagogin bangon ya fara tsattsafowa, siriri, yana taruwa a inda ya haƙe.

"Haladu," in ji Lado, "ka hau. Kai akwai yara."

"Rufe bakinka, kana ɓata iska."

Daga sama wani ya yi kira a ɗaura masa igiya a hammata a ja da ƙarfi, maza sun isa. Da yawa suka goyi baya. Haladu ya taɓa ganin an yi haka a wata rijiya a Simsim, ya ga abin da aka ciro. Ya ce duk wanda ya ja igiyar nan ba da izininsa ba, shi da shi har gaban Allah.

Ya kai cinya. Ƙafar dama ta fito. Ta hagu ta ƙi. Ya zura hannu cikin ruwan laka har kafaɗa, ya lalubo, ya ji sandar ƙarfen da Lado ke haƙa da ita ta gitta a kan gwiwar, ƙasa ta danne ta ta kowane gefe. Ɗaya daga cikin katakon tokare ya yi ƙara. Dunƙulen laka ya faɗo ya bugi gangar.

"Baba, bangon yana tafiya!" Wannan karon muryar Rufaida ta karye. "Ka fito!"

Haladu ya kwantar da kuncinsa a kan ruwan, ya kama bakin sandar da hannu biyu, ya ce wa Lado ya ciji rigarsa. Ya yi bismilla ya murɗa. Ba ta motsa ba. Ya haƙe ƙarƙashinta da farce har ya ji ɗaya ya cire, ya sake murɗawa. Lado ya yi wata ƙara da ta sa matan sama suka yi salati. Sandar ta zame.

Ya cire gangar, ya ɗaura masa igiya, ya ce a ja a hankali, shi kuma yana tallafe da ƙafar da ta karye har ta fi ƙarfin hannunsa. Jiran da ya yi kafin igiyar ta dawo shi ne mafi tsawo a rayuwarsa. Yana tsaye cikin ruwa har gwiwa, yana kallon benci yana lanƙwasa. Da aka jawo shi ya kama katakon bakin ramin, bai ko miƙe ba bangon ya rufta a bayansa, da benci da ganga da komai.

Aka kai Lado asibiti a bayan wata akori-kura. Haladu ya zauna a laka ruwa na dukansa, ya kasa tashi. Zaituna ta zo ta yafa masa mayafinta.

Bikin ya zo ya wuce ba wanda ya zo ganin ginshiƙai. Aka tsayar da aiki har ƙarshen damina. Wasu a unguwa suka ce ga abin da ramukan injiniya suka jawo, da an yi gini irin na kowa da ba a kai ga haka ba. An kira ta ofis an yi mata tambayoyi, har ta yi tunanin ajiye aikin. Abdelrahman ne ya je da ƙafarsa ya ce shi ya sa a shiga bayan ta hana. Da kaka aka dawo. Haladu ya ce ba zai sake shiga rami ba sai da zobe. Shi da Rufaida da Wada suka zauna suka fitar da wasu zobba na ƙarfe da ake saukarwa ɗaya bayan ɗaya yayin da rami ke zurfi, a zare su in za a zuba kankare, a kai rami na gaba. Da su ya sake haƙa wanda ya rufta.

Makarantar ta tsaya. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo, shagunan da ke kallon ta suka dare, ita ko gezau. Baranda ce kaɗai ta tsage a kusurwa, inda wani malami ya dasa dogon yaro kusa da bango, saiwarsa tana shanye danshin gefe ɗaya. Aka sare shi aka dasa wani can tsakiyar fili. 'Yan kasuwar riɗi da rumbunansu suka gaji da tsagewa suka fara neman Rufaida, ita kuma ta nemi Haladu. Ya yi shekaru yana wannan aikin, ya koya wa mutane da dama, daga baya ya daina sauka, yana zaune a bakin rami yana sauraron kukan diga.

Ƙafar Lado ba ta miƙe ba. Noma ya gagare shi, aka ɗauke shi gadi a makarantar, yana cin abincin rana a gidan Zaituna. Da ƙasar ta rabu biyu, Kudu ta ɓalle, aka ce mutanen Kudu su koma, ya shiga ayarin motocin da suka tashi daga Gadarif da sandarsa da akwatin kwano ɗaya. Haladu ya raka shi tasha. Ya ba shi sunan Husain da kamanninsa, ko Allah zai sa ya ji wani abu a can. Sau biyu Lado ya bugo waya daga Juba, ya ce yana tambaya. Da yaƙi ya sake ɓarkewa a can, lambar ta daina shiga.

Haladu ya ƙarasa kwanakinsa a Hawata, gidan 'yarsa, ƙirjinsa ya lalace da ƙurar rami. Ya rasu da kaka, ana tsakiyar yankan riɗi, maza duk suna gona. Mutanen da ya koya wa aiki suka ji labari a Gadarif, suka cika mota guda suka taho, su suka haƙa kabarinsa.